Aikin Jarida A Zamanin Na'ura Mai Rubutu

Jama'ar wannan kwaleji, malamai da ɗalibai, ina so in ɗan yi muku bayani a kan wani al'amari wanda da ganin farko sai a ce 'yan jarida kaɗai ya shafa, amma in an duba da kyau ya shafi kowane malamin makaranta. Abubuwa biyu ne suka haɗu suka sa masu aikin watsa labaru a tsaka mai wuya. Na ɗaya, an ƙago na'ura wadda ta iya rubutu, da magana, da zana hoto kamar ɗan Adam. Na biyu, mutane a ƙasashe da yawa sun rage yarda da abin da jarida da rediyo da talabijin su ke gaya musu. Zan faɗi yadda kowane ɗaya ya ke, sa'an nan in nuna dabarun da 'yan jarida su ke yi, daga baya in kawo namu rabon, mu malamai.

Yadda na'urar ta ke aiki

Sunan da gidajen rediyon Hausa suka ba wannan abu shi ne ƙirƙirarriyar basira, Turawa kuwa suna taƙaita sunanta da haruffa biyu, AI. Masana sun daɗe suna aiki a kanta, amma ba ta shiga hannun kowa da kowa ba sai ran 30 ga watan Nuwamba, 2022, sa'ad da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT. Daga nan waɗansu suka biyo, kamar Gemini na kamfanin Google da Copilot na kamfanin Microsoft. Yau ɗalibi da wayar hannu ya kan rubuta mata tambaya, kafin ya ajiye numfashi ta ba shi amsa shafi guda.

To, ina ta samo wannan iyawa? In na ce muku, "Gani ya kori," na yi shiru, kowane mai jin Hausa zai cika da "ji". In na ce, "Sauri ya haifi," za ku ce "nawa". Ba ku tsaya kun yi bincike ba, kunnenku ne ya saba da jin waɗannan kalmomi a jere. Haka na'urar ta ke. An ɗura mata rubutu mai yawan gaske, na littattafai da jaridu da shafukan intanet, har ta koyi wace kalma ce ta saba bin wace. In aka tambaye ta, sai ta riƙa jera kalmomi ɗaya bayan ɗaya, tana zaɓen wadda ta fi dacewa da abin da ya gabata. Aikin ya yi kyau ƙwarai, har ya zama maganarta tana fita sumul, babu gargada.

Amma fa ga inda gizo ya ke saƙa. Na'urar ba ta je kasuwa ta ga wutar da ta tashi ba, ba ta zauna a kotu ta ji hukunci ba. Abin da ta ƙware a kai shi ne yadda labari ya kan yi kama. Saboda haka in ba ta da amsa, ta kan shirya wadda ta yi kama da amsa, ta faɗe ta da murya ɗaya da wadda ta ke faɗin gaskiya. Maƙaryacin mutum ya kan yi in-ina, ko idonsa ya tona shi. Ita ba ta da idon da zai tona ta.

Ga misalai kaɗan daga ƙasashen da suka riga mu amfani da ita. A watan Janairu na 2023 aka gano wani gidan labarun fasaha na Amurka, CNET, ya buga maƙaloli 77 da na'ura ta rubuta, da aka sake duba su sai aka yi gyara a 41. A watan Mayu na 2025 jaridar Chicago Sun-Times ta buga jerin littattafai 15 da ta ke ba masu karatu shawara su karanta, ashe 10 daga ciki ba a taɓa rubuta su ba, na'ura ce ta ƙago sunayensu ta jingina wa marubuta na gaske. A watan Oktoba na 2025 kuma, BBC da ƙungiyar gidajen watsa labaru ta Turai, EBU, suka fito da sakamakon wata jarrabawa da gidaje 22 suka yi a ƙasashe 18 cikin harsuna 14. Sun duba amsoshi fiye da 3,000 da irin waɗannan na'urori suka bayar a kan labarun duniya, suka tarar kashi 45 cikin 100 suna da wani babban aibu.

In haka ta ke a harsunan da suka tara rubutu tuli a intanet, ina ga Hausa wadda rubutunta a can bai taka kara ya karya ba? Ga shi kuma rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Gari" na zama, "gari" na tuwo. "Fari" na launi, "fari" na rashin ruwan sama. "Kuka" itace, "kuka" hawaye. Mai jin Hausa ya kan rarrabe su ba tare da ya lura ba, na'ura kuwa ta kan yi tuntuɓe a nan. Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara tun 2013, an kuwa sami ci gaba sosai, amma har yanzu editan da ya saki fassararta bai karanta ba ya sayi abin kunya da kuɗinsa.

Bayan rubutu akwai hoto da murya. A watan Mayu na 2023 wani hoton bogi ya bazu yana nuna hayaƙi ya turnuƙe kusa da Pentagon, watau hedkwatar sojan Amurka, har kasuwar hannun jari ta ɗan girgiza kafin a ƙaryata. Yanzu da ɗan guntun maganar mutum a kan iya kwaikwayon muryarsa, a sa shi ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Wannan ya jawo wata ɓarna ta biyu wadda ta fi ta farko ɓoyuwa. Tun da kowa ya san ana iya ƙaga hoto, sai na gaskiya ma a riƙa musunsa. A ƙasar Gabon, Shugaba Ali Bongo ya yi jawabin shiga sabuwar shekara ta 2019 bayan doguwar jinya, waɗansu suka ce hoton haɗi ne, aka yi ta gardama, mako guda bayan haka waɗansu sojoji suka yi yunƙurin juyin mulki. Dā mu kan ce gani ya kori ji. Yau ganin ma sai an nemo masa shaida.

Yadda yarda ta ragu

Kada a ɗora wa na'ura laifin da ta tarar. Yarda ta fara zubewa tun kafin a haife ta. A Amurka, kamfanin Gallup mai tambayar ra'ayin jama'a ya sami kashi 72 cikin 100 na mutane sun yarda da kafofin labaru a 1976. A 2025 saura kashi 28. Cibiyar Reuters da ke Jami'ar Oxford a Ingila ita ma ta kan yi irin wannan tambaya kowace shekara. A rahotonta na 2025, wanda ya haɗa ƙasashe da yankuna 48, mutum 40 cikin 100 ne suka ce sun yarda da yawancin labarun da su ke samu. Waɗansu 40 cikin 100 kuwa suka ce su kan kauce wa labaru da gangan, alhali a 2017 masu faɗin haka 29 ne.

A cikin wannan rahoto Nijeriya ce ta zo kan gaba wajen yarda, da kashi 68. Sai dai an yi tambayar ne ta intanet, yawancin waɗanda suka amsa masu jin Turanci ne masu ilmin boko. Ko da haka, abin ya nuna 'yan jaridarmu suna da wata dukiya a hannu wadda takwarorinsu na waɗansu ƙasashe suka ɓatar. Dukiya kuwa in ba a tsare ta ba, tafiya ta kan yi.

Dalilan raguwar yarda, a ganina, guda huɗu ne manya. Na farko kuɗi. Dā jarida da talla ta ke rayuwa. Da intanet ta zo, yawancin kuɗin talla ya koma hannun Google da Facebook, ya zama abin da jarida ta ke samu ya danganta ga yawan mutanen da suka taɓa labarinta. Daga nan aka shiga rubuta kanun labari mai tayar da hankali, in ka buɗe ka tarar da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Wanda aka yaudara sau uku ba ya dawowa na huɗu. Na biyu gaggawa. Kowa yana so a ce shi ya fara kawowa da ɗumi-ɗuminsa, tantancewa kuwa lokaci ta ke ci. Na uku siyasa da abin hannu. In mai gidan rediyo ɗan takara ne, ko kuwa albashin wakili ya yi wata da watanni bai fito ba har ya dogara ga ɗan ambulan da a ke miƙa masa bayan taro, mai sauraro ba wawa ba ne, ya kan ji ƙanshin abin cikin labarin. Na huɗu, kowane mai waya ya zama gidan jarida, babu edita a kansa, babu mai tuhumarsa.

Mun ga aikin na huɗun nan a ƙasarmu tun na'ura ba ta iya rubutu ba. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zaga wayoyi cikin dare cewa wanka da ruwan gishiri da shansa suna tsare mutum. Aƙalla mutum biyu suka rasa rayukansu, aka kwantar da waɗansu a asibiti. A 2018 aka yi ta yaɗa cewa marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya rasu an kawo wani Jibril daga Sudan ya maye gurbinsa, har a watan Disamba na wannan shekara, yana ƙasar Poland, sai da ya fito da bakinsa ya ƙaryata. In ƙanzon kurege ya yi wannan tafiya da ƙafa, ku auna irin wadda zai yi yanzu da ya sami doki.

Dabarun da 'yan jarida su ke yi

Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Ga yadda masu sana'ar su ke sake tasu.

Dabara ta farko, sun ba na'ura aikin wahala, sun riƙe na hankali. Tun 2014 kamfanin dillancin labaru na AP a Amurka ya sa na'ura ta riƙa rubuta gajerun labarun ribar kamfanoni, waɗanda lissafi ne zalla a cikin ƙirar da ba ta sakewa. Dā wajen 300 su ke iya yi cikin wata uku, sai suka haura 3,000. Yau wakili ya kan ɗauko hira ta sa'a guda, na'ura ta juya masa ita rubutu cikin 'yan mintoci. Ta kan taya shi tace takardun kasafin kuɗi masu ɗaruruwan shafi, ta nuna masa inda lissafi bai daidaita ba, shi kuma ya tashi ya je ya tambayi dalili. Ba za a ɓoye ba, waɗansu sun rasa abincinsu ta wannan hanya. A 2020 kamfanin Microsoft ya sallami editoci da dama masu zaɓen labarun shafinsa na MSN ya sa na'ura a madadinsu. Wanda aikinsa kwafe labarin wani ne ya sake masa riga, shi ne na farkon wanda abin ya kan ci.

Dabara ta biyu, sun kafa wa kansu doka. A watan Agusta na 2023 AP ta umurci ma'aikatanta su ɗauki duk abin da na'ura ta rubuta tamkar maganar da ba a tantance ba tukuna. A watan Nuwamba na wannan shekara, ƙungiyar kare 'yan jarida ta RSF tare da waɗansu ƙungiyoyi suka fito da wata yarjejeniya a birnin Paris mai ƙa'idodi 10, a ƙarƙashin shugabancin Maria Ressa, 'yar jaridar ƙasar Filifin wadda ta sami lambar Nobel ta zaman lafiya a 2021. Gundarin abin da ke ciki shi ne, mutum ne zai yanke shawarar abin da za a buga, gidan jarida ne zai ɗauki alhakin duk abin da ya fita da sunansa, kuma a bambanta wa jama'a abin da aka ɗauko na gaske da abin da na'ura ta haɗa.

Dabara ta uku, sun buɗe sassa na musamman don bin diddigi. BBC ta kafa nata, BBC Verify, a watan Mayu na 2023, da ma'aikata wajen 60. A nahiyarmu Africa Check ta fara tun 2012 a Afirka ta Kudu, tana kuwa da ma'aikata a Nijeriya. A 2018 cibiyar binciken da jaridar Premium Times ta kafa ta buɗe wani sashe ta raɗa masa suna da Hausa, Dubawa. A 2020 cibiyar ICIR ta Abuja ta buɗe FactCheckHub. Gabanin zaɓen 2023 waɗannan da waɗansu suka haɗa kai, suka riƙa tantance maganganun 'yan takara tun ana cikin muhawara.

Yana da kyau ku san yadda su ke aikin, don babu tsafi a ciki. In hoto ya zo, sai su sa shi a injin bincike su ga ko ya taɓa fitowa a wata shekara ko wata ƙasa, gama yawancin hotunan ƙarya tsofaffi ne aka sake musu labari. Sa'an nan su duba allon kanti, da lambar mota, da kayan 'yan sanda, da irin itatuwa, su ga ko sun dace da garin da aka ambata. Su duba inuwa don su san lokaci, su duba ko an yi ruwa ran nan. In murya ce, su saurari numfashi da karin harshen mai maganar, su gwada da tsofaffin jawabansa. Akwai na'urori masu gano aikin na'ura, suna kuwa taimakawa, amma su ma su kan yi kuskure. Saboda haka ƙarshen aikin shi ne irin na dā, a buga waya ga wanda ke wurin, ko a tura wakili ya gani da idonsa.

Dabara ta huɗu, suna neman buga wa hoto hatimi tun daga tushe. A 2021 waɗansu kamfanoni, har da Adobe da Microsoft da BBC, suka haɗu suka tsara wata hanya mai suna C2PA, wadda ta ke liƙa wa hoto tarihinsa, watau abin da aka ɗauke shi da shi da irin gyaran da aka yi masa. A 2023 kamfanin Leica na Jamus ya fito da kyamarar farko mai yin wannan hatimi. Abin bai game duniya ba tukuna, kuma hoton da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya ya kan zubar da hatiminsa a hanya, amma an kama hanya.

Dabara ta biyar, sun shiga neman hakkinsu. Na'urorin nan da rubutun 'yan jarida aka ciyar da su, ga shi yanzu su ke ba mutane amsa kai tsaye, mai tambaya ba ya ko leƙa jaridar da ta yi wahalar. Waɗansu gidaje suka zaɓi ciniki, kamar AP da Le Monde ta Faransa da Financial Times ta Ingila, waɗanda suka ƙulla yarjejeniya da OpenAI. Jaridar New York Times kuwa ta kai OpenAI da Microsoft ƙara a watan Disamba na 2023. Akwai kuma tsaron suna. A watan Disamba na 2024 na'urar taƙaita labaru ta wayoyin Apple ta haɗa wani kanun labari na ƙarya ta sa shi a ƙarƙashin tambarin BBC, cewa wani da a ke tuhuma da kisa a Amurka ya harbe kansa. BBC ta kai kuka, a watan Janairu na 2025 Apple ya dakatar da wannan aiki na taƙaita labaru don ya gyara. Da BBC ta yi shiru, da ita za a kira maƙaryaciya.

Dabara ta shida, wadda na fi ba muhimmanci, ita ce nuna wa jama'a yadda aka samo labari. Gidajen da suka farga sun daina cewa "majiya mai tushe" su wuce. Su kan ce ga takardar da muka gani, ga wanda muka tambaya, ga wanda ya ƙi amsawa, ga abin da muka sa na'ura ta yi. In sun yi kuskure su gyara a fili inda kowa zai gani. A nan gida, a 2025 gidan talabijin na TVC da ke Ikko ya fito da masu karanta labaru na na'ura cikin Turanci, da Yarbanci, da Hausa, da Ibo, da Turancin Buroka, ya kuwa sanar da jama'a cewa na'ura ce. Sanarwar nan ita ce abin lura. Mai kallo zai iya haƙuri da fuskar da aka ƙera, muddin an gaya masa, kuma ya san akwai edita mai rai a bayanta wanda za a kama in labarin ya zama ƙarya.

Tsohuwar hanya ce aka komo

Duk dabarun nan in an tattara su, tambaya ɗaya su ke amsawa, wa ya faɗa, a ina ya samo? Wannan kuwa ba baƙuwar tambaya ba ce gare mu. Malaman Hadisi, irin su Imamu Buhari wanda ya rasu a shekara ta 870, ba su karɓi magana don daɗinta ba, sai sun bi isnadinta, wane ya ji daga wane, sun binciki halin kowane mai ruwaya da ƙarfin haddarsa. 'Yan'uwanmu Kirista kuma sun san yadda Luka ya buɗe Linjilarsa da bayanin cewa ya bi diddigin al'amuran daga waɗanda suka gani da idonsu.

Tarihin jarida a ƙasar nan ma haka ya nuna. Jaridar farko, Iwe Irohin, a Abeokuta ta fito a 1859 cikin Yarbanci. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana edita, a lokacin da jita-jita ta cika gari gab da Yaƙin Duniya na Biyu. Ku dubi sunan da aka ba ta. Kwabo a ke sayenta, amma abin da ta yi alkawarin sayarwa ya fi kwabon. Mutane sun san editan, sun san garin da ya ke zaune, suna rubuta masa wasiƙa su yi masa gardama. Da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, abin da ya kafa ta a zukatan mutane shi ne muryoyin da aka saba da su, waɗanda aka jarraba shekara da shekaru. Na'ura ta sa kalmomi sun yi araha kamar ƙasa. Abin da ya rage da tsada shi ne mutum mai suna, wanda ya je ya gani, wanda zai ji kunya in an kama shi da ƙarya. Ƙananan jaridunmu da gidajen rediyonmu ba su da kuɗin shari'a da manyan kamfanonin Amurka, amma suna da wakili a kasuwar ƙauye da kotun alƙali da asibitin gunduma, wuraren da labarinsu bai taɓa shiga cikin na'ura ba sai in shi ya rubuta.

Namu rabon, mu malamai

Ɗan jarida komai ƙoƙarinsa, in mai karatu bai iya bambanta tsaba da tsakuwa ba, wahalar banza ya yi. Mai karatun nan kuwa a ajinmu a ke yin sa. Ku ɗalibai, nan da shekara ɗaya ko biyu za a rarraba ku makarantu, waɗansunku a ƙauyukan da malamin makaranta shi ne mai ilmin gari. Ranar da saƙon murya ya zo cewa allurar rigakafi guba ce, ko an kashe 'yan ƙabila kaza a gari kaza, wurinku za a kawo wayar a ce, "Malam, gaskiya ne?" Amsar da kuka bayar tana iya hana jana'iza, tana kuma iya jawo ta. Mu da mu ke zaune cikin jama'a masu harsuna da addinai dabam-dabam mun fi kowa sanin abin da jita-jita ɗaya ta kan haifar kafin gari ya waye.

Saboda haka ina ba ku shawara ku koya wa yara tambayoyi huɗu, ku ma ku riƙe su. Wa ya faɗa, yana da suna da wurin da za a same shi? Shi ya gani, ko ji ya yi? Yaushe abin ya faru, yau ko shekara biyar da suka wuce? Wane gidan labaru ne kuma ya kawo shi ban da wannan? In labari ya sa zuciyarku ta tafasa nan take, ku ƙara jinkiri, gama masu ƙaga ƙarya fushi da tsoro su ke nema, sun san mai fushi ba ya tambaya. Saƙon da ya ƙare da roƙon a tura wa mutum goma don Allah, ku fara tuhumarsa tun daga nan.

Akwai wani wasa mai sauƙi da za ku yi a aji, ba ya bukatar lantarki. Ku raɗa wa yaro na farko labari mai jimla uku, da suna da adadi da wuri, ya raɗa wa na kusa da shi, har ya kai na ƙarshe. Ku rubuta na farko da na ƙarshe a allo, yara su nemo inda akuya uku suka zama shanu talatin. Sa'an nan ku naɗa biyu su zama 'yan jarida, su bi layin da baya suna tambaya har su kai tushe. Yaron da ya yi wannan sau biyu ya fahimci isnadi, ya kuma fahimci aikin Dubawa.

Game da na'urar kanta, ban ce ku guje ta ba. Zamani riga ne, kuma tana da amfani wajen shirya darasi da sauƙaƙa bayani mai wuya. Amma ku bi dokar da 'yan jarida suka kafa wa kansu. Duk shekara, da suna, da adadi, da sunan littafin da ta ba ku, ku nemo shi a wani wuri kafin ku rubuta a allo. In kun yi amfani da ita cikin aikin da kuka miƙa wa malami, ku faɗa. Sunanku ne a saman takardar, ku za a tambaya. Haka nan masu rubuto mana labaru a wannan mujalla, in kun ce an yi abu a ɗakin kwana ko filin wasa, ku zo da wanda ya gani.

Yara arba'in ko fiye da haka za su zauna gabanku kowace shekara, suna ɗaukar abin da kuka faɗa ba tare da musu ba. Irin wannan yarda ce 'yan jarida su ke fafutukar maidowa, ku kuwa za a ba ku ita kyauta ranar da kuka fara shiga aji. Allah ya ba mu ikon riƙe ta, ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga yaɗa abin da ba mu tabbatar ba, amin.